Ƙyauren da Rana Ke Ci a Gumbin Kure

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Attahiru, taubashina, wanda ya koyar da aikin katako a wata sakandare a Jega. Ya tafi ana tsakiyar cirar albasa, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, domin ban saba yabonsa ba. Tun muna yara ban taɓa faɗin alherinsa a gaban idonsa ba, shi ma bai taɓa faɗin nawa ba, haka taubasantaka take. Bana dai na kasa yin shiru, saboda wani abu da ya faru a gidan mahaifiyarsa a Gumbin Kure, wanda har yau bai bar raina ba.

Mahaifiyar tasa, Goggo Kulu, ƙanwar mahaifina ce. Attahiru shi ne ɗanta na fari, don haka ana yaye shi aka kawo shi gidanmu a Aliero, muka tashi a tabarma ɗaya, muka sha dukan malami ɗaya. Goggo kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, idan ya durƙusa yana gaishe ta sai ta amsa tana kallon tukunya. In tana son jin lafiyarsa ni take tambaya, ta ce, “Manu, ina abokin hwaɗanka?” Ranar da aka kai mata labarin rasuwarsa mata suka fashe da kuka, ita kuwa ta juyo ta ce Allah ya ba mu haƙuri, mu, kamar ɗan maƙwabta ne ya mutu. Yaran yanzu za su ce rashin ƙauna ne. Su je su faɗa a inda ba a san ta ba.

Attahiru mutum ne mai abokin gaba ɗaya a duniya, wato rana. A wajenmu kowa ya san gara da ruwa su ne masu kashe katako, shi ya sa ake lafta masa baƙin man inji har ya koma kamar gindin tukunya. Shi kuwa cewa yake yi gara munafuka ce kawai, ba ta shiga sai an buɗe mata, kuma rana ce ke buɗewar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ke ƙona masa rai shi ne, fenti yana tare rana amma yana rufe kyan itacen, har ba ka bambance maɗaci da katakon akwatin sabulu. Banis kuma, man nan mai kama da zuma da kafintoci ke shafawa don ƙyalli, yana nuna itacen sarai, amma rana na ratsa shi kamar babu komai, kafin a yi damina biyu ya fara ɓarewa.

Saboda haka rufin shagonsa na bayan kasuwar Jega ya zama wurin gwaji. Zai jera guntayen katako a kan kwano, ya rufe rabin kowanne da gwangwani don ya gwada da ɓangaren da rana ta duka. Babu abin da bai cuɗa da banis ba: man kaɗe, man darbejiya, ƙaro, ruwan bagaruwa, jar ƙasa. Duk ranar kasuwa idan na sauke albasata nakan biya ta wurinsa don in ɓata masa rai. In tsaya a ƙasa in ɗaga kai in tambaye shi ko kilishin katakon ya bushe mu ɗanɗana. Ya leƙo daga sama ya ce in matsa gefe, warin albasata na ɓata masa aiki.

Wata rana na tambaye shi da gaske me yake nema. Ya ce, “Kai bawa, inuwa nika biɗa, wadda ido ba ya gani.” Na ce, “In ka samo ta ka sam min, in aza ma albasa.” Akwai lokacin da ya yi zaton ya kama ta. Ya sayo wani farin gari a kemis, irin wanda ake sawa a man ƙurajen jarirai, ya dama da banis ya shafa. Katakon bai ƙone ba kam, amma ya fito fari fat kamar fuskar mai injin niƙa. Na yi dariya har na riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya juya guntun a hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya jefa shi cikin tarkace.

Bayan rasuwar mahaifinsa ya gyara wa Goggo zauren gidanta, ya yi masa ƙyaure da hannunsa. Maɗaci ne tsohon yanka, ja kamar dabino. A fuskar da ke kallon waje ya sassaƙa zangarniyoyin gero da dawa, saboda mahaifin nasa manomi ne, kuma bai yi aikin ganin ido ba, kowace tsaba sai da ya fitar da ita da bakin ƙaramar wuƙa. Ya kwashe watanni a kai. Ranar da aka kafa shi mutanen unguwa suka taru suna sa albarka. Goggo ta fito ta dube shi sau ɗaya, ta ce, “Ya yi nauyi,” ta koma ciki. Attahiru ya kalle ni yana murmushi, ya san an yaba. Matsalar ɗaya ce, zauren yamma yake kallo, daga azahar har rana ta faɗi tana kansa. Muddin yana raye bai bari ta yi nasara ba, yakan zo da gwangwaninsa da buroshi ya sabunta shafin tun bai tsage ba.

Da ya rasu, idon Goggo, wanda dama ya fara hazo, ya ƙarasa rufewa. Daga nan ne muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Kullum da hantsi takan dafa bango ta fito, ta ratsa zaure, ta tsaya a waje tana bin zangarniyoyin nan da yatsunta daga sama har ƙasa. In an tambaye ta sai ta ce iska take sha. Ba wanda ya taɓa ce mata uffan, domin kowa ya gane. Matar da al'ada ta hana ta shafa kan ɗanta yana raye, ga shi ta sami inda za ta ɗora hannu ba mai ce mata ta yi rashin kunya. Ni da na fi kowa surutu a dangi, ranar da na fara ganinta a haka sai na juya babur na koma bakin hanya na jira ta gama.

Ita kuwa rana ba ta san ana makoki ba. Shafin ƙarshe da ya yi ya tsage, ya ɓare. Muka ɗauko wani kafinta ya sake shafa banis a kan tsohon, bai shekara ba ya tashi kamar saɓar maciji, yana ɓarewa yana tafiya da tsabar geron. Tun daga nan Goggo ta hana kowa kusantarsa da buroshi. Itacen ya yi furfura, samansa ya yi gashi-gashi, idan ka shafa sai wani gari ya biyo hannunka.

Kada mai karatu ya ɗauka mun naɗe hannu. Mun kafa rumfar zana, iskar farkon damina ta ɗauke ta. Mun yi ta kwano, tana nan, tana kare zafin azahar, amma da la'asar rana kan sunkuyo ta shigo ta ƙarƙashinta kamar da gayya. Na kawo asabari na rataya, Goggo ta laluba ta ji shi, ta ce, “Mi yay yi muku za ku lulluɓe shi?” Na cire da kaina. Da muka ce to a ciro ƙyauren a kai shi ɗakinta a sa na ƙarfe a madadinsa, nan ne ta yi fushin da ban taɓa gani ba. Ta ce, “Gambun zaure ba a hidda shi sai gida ya zan kango. Ni kau ban mutu ba tukuna.” Wani maƙwabci mai son alheri ya zo da galan na baƙin mai, na tare shi a hanya. Da na bar shi, na tabbata Attahiru sai ya biyo ni har cikin mafarki.

Ya bar 'ya mace, Luba, wadda take ƙarama lokacin da ya rasu. Yanzu tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karanta ilimin sinadarai, kuma a gidana take zaune a Aliero. Da aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ba ta yi shawara da kowa ba ta zaɓi maganin rana ga katako. Ita ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani, da haƙuri irin na wanda ke koya wa tsoho latsa waya. Ta ce a cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, shi ne mai ɓarnar. Shi ke cinye danƙon da ya riƙe zaruruwan itace, ruwan sama ya zo ya wanke abin da ya lalace, a bar zare tsirara, shi ne furfurar da muke gani. Masana kuma sun gano cewa akwai sinadaran da ke shanye wannan haske, irin su garin zinki. Idan ƙwayoyin garin manya ne, sai ya rufe katako da fari. Idan kuwa aka samar da su ƙanana ƙwarai, ƙanƙantar da ƙurar da ke yawo a hasken taga ma ƙatuwa ce a kansu, sai ido ya ratsa su ya ga itacen, amma mugun hasken ya maƙale. Su ake kira nano. Wahalar aikin, in ji ta, ita ce a hana su dunƙulewa cikin banis, don in suka yi gudaji kamar kunun da ba a dama da kyau ba, farin ya dawo.

Na tambaye ta wane iri ne garin zinkin. Ta ce ai shi ne ake sawa a man ƙurajen jarirai. Ashe ranar da na riƙe ciki ina dariya a bayan kasuwar Jega, maganin na hannunsa. Girman ƙwaya kawai ya raba shi da abin da ya ƙare rayuwarsa yana nema, kuma ko ya sani, ba shi da abin da zai ƙanƙanta ta da shi a shagon da ko lantarki sai an yi sa'a.

Luba ta haɗa nata ɗan kaɗan a kwalba. Ta shafa wa guntun maɗaci ɗaya, ta shafa wa ɗayan banis zalla, ta bar su a kan rufi suka sha bazara da damina. Ranar da ta sauko da su ta sa mini a hannu, ɗaya ya ɓare ya yi toka-toka, ɗayan ya ɗan dusashe amma jansa na nan. Na yi murna, na kuma ji haushi, ban san wanne ya fi yawa ba. Ina ta tunanin abin da zai yi da yana nan. Na san ba zai yabe ta a gabanta ba, jinin Goggo ne. Zai kai guntun hanci ya shinshina, ya karce shi da farce, ya tambaye ta damina nawa zai kai, sannan ya hau babur ya zo har gonata don kawai ya ce mini, “To bawa, wa ad da gaskiya?” Da na ba da albasar shekara guda don in ji wannan gorin.

Amma maganin yana da sharaɗi, kuma Luba ba ta ɓoye mini ba. Rigakafi ne, ba ya tayar da abin da ya mutu. Ba ya kama itacen da ya riga ya yi furfura, in an shafa a kai zai ɓare kamar na wancan kafintan. Dole sai an bi saman da samfefa, takardar nan mai kaushi, an kankare har an kai ga lafiyayyen ja. A shimfiɗaɗɗen katako wannan ba komai ba ne. A ƙyauren Goggo kuwa, tsabar da ta rage duk a cikin wannan mataccen saman take. In an kankare za a tsira da ƙyaure da inuwar zangarniya, a rasa sawun wuƙarsa. In an bari rana ta ci gaba da ci. Gaba kura, baya sayaki. Akwai kuma abin da Luba ta faɗa mini a hankali, ta roƙe ni kada in kai shi gaba: yatsun Goggo ma suna cikin masu cinye shi, kullum ta shafa sai ta tafi da wani abu.

Muka ɗauki kwalbar muka tafi Gumbin Kure wata Juma'a, muka isa da la'asar, daidai lokacin da rana ta shigo ƙarƙashin rumfa ta kwanta a kan ƙyauren. Bayan gaisuwa Luba ta durƙusa ta yi wa kakarta bayani tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba sai maganar yatsu. Goggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙa hannu ta ce a ba ta samfefar. Ta murza ta tsakanin yatsu, ta goga a bayan hannunta.

“Wagga za ki aza mai?”

“Kaɗan-kaɗan, Kaka. Saman kawai za ni ɗebewa.”

“Saman nan shi na hannunai yat taɓa. In kin kankare, in na zaka da sahe hannun wa za ni ishewa? Naki.”

Luba ta ce, “In an bar shi, rana za ta canye shi dut.”

Goggo ta ce, “To ke da kika yi karatu, hwaɗa min. Da ni da shi, wa za ya riga ƙarewa?”

Na lalubi wata maganar barkwanci da zan jefa, irin wadda na saba kwance taro da ita, ban sami ko ɗaya ba. Ga magani a kwalba, ga mai haɗa shi jininsa ce, ga ƙyaure a gabanmu, kuma duk cikinmu ba mai laifi balle a ce ya gyara. Ban taɓa jin kaina ba ni da amfani irin na wannan yammacin ba.

Da ta ji jikarta na jan hanci, sai Goggo ta sassauta. Ta ce, “Ɗiyar ga ta sha wahala. Ku shahwa ma bayan gambun, kar maganin ya lalace.” Bayan ƙyauren, wato fuskar da ke kallon cikin zaure, ba zane a kanta, kuma rana ba ta taɓa ganinta ba tun da aka kafa shi. Ba ta bukatar maganin komai. Luba ta san haka, ni ma na sani, ina jin Goggo ma ta sani. Duk da haka yarinyar ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta goge ƙura, ta bi shi da samfefa sama-sama, ta shafa abinta a nutse kamar ana duba ta a jarrabawa. Itacen ya tashi ja yana sheƙi, irin ranar da aka kafa shi. Muka kwana. Da hantsi, bayan ya sha iska, Goggo ta fito da dafa bango kamar kullum. Ta tsaya ta shafa sabon aikin, ta ce, “Sannu Luba, ya yi sulɓi.” Sannan ƙasa-ƙasa, kamar da kanta take, “Ba kowa nan.” Ta zagaya waje wurin zangarniyoyinta.

An saba cewa mai sana'ar hannu ba ya mutuwa, aikinsa na nan. Ni yanzu ina shakkar wannan magana. Bencinan da ya yi wa makaranta sun karye, shagonsa ya koma wurin cajin waya, ɗalibansa da yawa sun koma walda, don yau kowa ƙofar ƙarfe yake so saboda halin da ake ciki. Da zai dawo ya zaga Jega da Maiyama ya ga gidaje duk sun koma baƙin ƙarfe, ban san wa zai yi wa faɗa ba. Abin da na ga ya rage nasa da gaske shi ne tambayar da ya yi ta yi a kan rufin kwano, wadda 'yarsa ta ɗauka ta kai inda bai kai ba. Wataƙila wata rana ƙyauren wani ya tsira saboda ita, ladan ya iske shi. Amma ba zan yaudari kaina in ce wannan ya share mini hawaye ba, domin ƙyaure ɗaya ne ya dame ni, shi kuwa ina kallo yana tafiya, kowace la'asar da kaɗan. Allah ya jiƙan Attahiru, ya yalwata masa makwanci, ya sa shi a inuwar da ba ta gushewa, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Da za mu tafi, na tayar da babur ke nan, Goggo ta kira ni daga bakin zaure, hannunta na kan itacen. A lokacin ne na tuna cewa rabonta da ganin ƙyauren tun yana da kyansa. Yatsu na jin kaushi, amma ba sa jin launi, kuma duk shekarun nan ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata.

“Manu,” ta ce, “hal yanzu ja na?”

Na dubi Luba, ta sunkuyar da kai. Na ce, “Ta ciki ja na, Goggo.”

Ta jinjina kai, ba ta ɗauke hannunta ba.

“To,” ta ce. “Ku gaida gida.”